Lissafi ya tsare 'yarmu a bakin ƙofa, ɗan'uwanta a Bronx kuwa an buɗe masa: ina gaskiyar lamarin?

Kawu, Nima

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon malamai da 'yan'uwa da suka san harkar karatun gaba da sakandare, musamman waɗanda suka ga yadda ake yi a nan Gana da kuma Amurka, su taimaka mini da bayani a kan wani al'amari da ya tsaya wa iyalinmu a rai.

'Yar yayata ta rubuta WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, ta fito da sakamako mai kyau a Turanci da sauran darussa, amma a lissafin dole, wanda kowane ɗalibi yake rubutawa, D7 ta samu. Burinta tun tana ƙarama shi ne ta shiga kwalejin horar da malamai, can kuwa ba a duba takardar wanda bai kai C6 a lissafi ba. Muka haɗa kuɗi muka sa ta a ajin rimidiyal, wato ajin gyara, muka biya mata Nov/Dec, jarrabawar ƙarshen shekara ta masu zaman kansu, ta sake zama, sakamako ya fito da D7 ɗin nan dai. A yanzu tana taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai da sassafe, littattafan suna cikin akwati, manyan gida kuma sun fara cewa tun da boko ya ƙi, a duba maganar aure.

A gefe guda akwai ɗan ƙanena, sa'anta, wanda mahaifinsa ya ɗauke shi zuwa Bronx a birnin Niyok na Amurka bayan ya gama sakandare a nan. Duk wanda ya san yaran biyu zai shaida cewa ta fi shi lissafi. Amma shi yana can a wata kwaleji ta shekara biyu, irin wadda suke kira kwalejin al'umma, kuma abin da yake gaya mana shi ne ba a mayar da shi ajin gyara ba. An sa shi kai tsaye a darasin ƙididdiga na matakin kwaleji, aka ƙara masa sa'o'in taimako a kowane mako, aka haɗa shi da wata mai ba da shawara wadda take nemansa a waya idan bai zo ba, har katin shiga jirgin ƙasa ake ba shi kyauta.

Abin da nake so in fahimta shi ne, shin wannan tsari na gaskiya ne, ko kuwa sassauta ma'auni suka yi domin kowa ya wuce? Waɗanda aka shigar ta wannan hanya suna kammalawa su karɓi takarda, ko a tsakiya suke watsewa? Sannan akwai wani abu a ciki da zai yi mana amfani a nan Akra, ko dai labarin wata ƙasa ne da za mu ji mu wuce?

Ɗan Mamobi a Bronx

Wa alaikumus salam, Kawu. Abin da yaronku ya faɗa gaskiya ne, kuma ba gata aka yi masa shi kaɗai ba. Ina aikin taimaka wa ɗalibai da lissafi a ɗaya daga cikin kwalejojin nan, don haka zan yi ƙoƙari in bayyana yadda aka zo ga wannan tsari, domin sai an san abin da ake yi a da kafin a gane dalilin sauyin.

Kwalejin al'umma ƙofarta a buɗe take ga duk wanda yake da shaidar gama sakandare. A da, idan ɗalibi ya zo rajista, sai a zaunar da shi gaban kwamfuta a yi masa gwajin tantance mataki, sau da yawa ba tare da ya san ma akwai gwajin ba balle ya shirya. Da sakamakon wannan zama ɗaya ake yanke masa hukunci: wani a mayar da shi ajin gyara ɗaya, wani biyu, wani uku, kowane aji kuwa zangon karatu guda yake ci, ana biyan kuɗinsa, yana cinye tallafin gwamnati da ɗalibin yake da shi, amma ba a lissafa shi cikin abin da ake buƙata don samun takarda. Niyyar mai kyau ce, a gina wa yaro tushe kafin a ɗora masa nauyi. Sai dai a shekarar 2010 cibiyar binciken kwalejojin al'umma ta Jami'ar Kolombiya ta fitar da wani nazari a kan ɗalibai sama da 250,000, ta gano cewa cikin waɗanda aka tura ajin gyaran lissafi, kusan ɗaya bisa uku ne kawai suka gama jerin azuzuwan, kuma kusan ɗaya bisa biyar ne suka ci lissafin matakin kwaleji cikin shekara uku. Abin da ya fi girgiza mutane shi ne, waɗanda suka ɓace saboda ba su yi rajistar ajin farko ko aji na gaba ba sun fi waɗanda suka zauna suka faɗi yawa.

Ku yi lissafin da kanku, Kawu, a matsayin misali kawai. Yaron da aka mayar baya aji uku sai ya shiga na farko ya ci, ya dawo ya shiga na biyu ya ci, haka na uku, sannan ya shiga ainihin darasin ya ci. Mashigai 8 ke nan. Ko da a kowace mashiga 80 cikin 100 suna wucewa, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, idan aka fara da yara 100 kimanin 17 ne za su fito a ƙarshe. Tsakanin wannan zango da wancan ne mutum yake samun ƙarin aiki a shago, ko matarsa ta haihu, ko kuɗin haya ya taso, ko kawai zuciyarsa ta gaya masa cewa shekara guda ta wuce bai fara karatun da ya zo yi ba. Tsarin ya zama ɗiban ruwa da kwando.

Daga nan aka fara sauya abubuwa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2017, wadda ake kira AB 705, ta tilasta wa kwalejojinta su duba makin da yaro ya tara a shekarun sakandare wajen ajiye shi a mataki, maimakon dogaro da gwajin rana ɗaya. Jihar Tenesi kuma a 2015 ta sa kwalejojinta 13 su riƙa shigar da ɗalibi darasin kwaleji kai tsaye tare da ajin taimako da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, ta yadda abin da ya shige masa duhu ranar Litinin za a warware masa a makon nan, ba a ce ya je ya koyi komai tun daga tushe ya dawo baɗi ba. Hukumar kwalejojin jihar ta ba da rahoton cewa, cikin ɗaliban da ke buƙatar gyara, masu cin lissafin kwaleji a shekarar farko sun tashi daga kimanin kashi 12 zuwa kimanin kashi 55 cikin 100.

Batun ƙididdiga da yaronku yake yi shi ma yana da tushe. An tambayi kai, me ya sa wanda zai karanta aikin jin daɗin jama'a ko harkar shari'a dole sai ya bi ta aljabra, alhali abin da zai yi aiki da shi kullum shi ne karanta alƙaluma da kaso da matsakaici? A 2013 aka yi gwaji a kwalejoji uku na jami'ar birnin Niyok, wato CUNY, aka raba ɗalibai kimanin 900 ta hanyar ƙuri'a, dukansu waɗanda gwaji ya ce suna buƙatar gyaran aljabra ne. Waɗanda aka sa a ajin gyara na gargajiya, kashi 39 suka ci. Waɗanda aka sa a ƙididdigar matakin kwaleji tare da taimakon mako-mako, kashi 56 suka ci. Bayan shekara uku, kashi 25 na 'yan ƙididdiga sun kammala, 'yan ajin gyara kuwa kashi 17. Darasin ƙididdigar na kwaleji ne na gaske wanda ake lissafawa a takarda, don haka ni ban ɗauki wannan a matsayin sassauci ba.

Katin jirgi da mai ba da shawara kuwa wani shiri ne daban mai suna ASAP, wanda CUNY ta fara a 2007, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Ana sharɗanta wa ɗalibi ya yi karatu na cikakken lokaci, a cike masa giɓin kuɗin makaranta, a ba shi littattafai, a ba shi katin sufuri muddin yana zuwa ganin mai ba shi shawara. A lokacin da ƙungiyar bincike ta MDRC ta auna shirin, kowane mai ba da shawara yara 60 zuwa 80 yake riƙe da su yana ganinsu sau biyu a wata, alhali a tsarin da aka saba mutum ɗaya yakan riƙe ɗaruruwa, wani lokaci sama da 1,000. Sakamakon shi ne kashi 40 sun kammala cikin shekara uku, waɗanda ba sa cikin shirin kuwa kashi 22. Da aka kwaikwaye shi a kwalejoji uku na jihar Ohayo, aka samu kashi 35 a kan 19. Ku lura dai cewa ko a nan, fiye da rabi ba su gama cikin shekara ukun ba, saboda haka kada a saki jiki da yaron. A riƙa tambayarsa ko yana zuwa ganin matar nan.

Malamin lissafi, Madina

Gaisuwa ga Kawu, da godiya ga ɗan'uwanmu na Bronx a kan wannan bayani mai tsari. Ina koyar da lissafin dole a wata makarantar sakandare ta gwamnati, kuma ina so in ja birki kaɗan, domin ina jin tsoron mu ɗauko maganin da aka haɗa wa wata cuta mu sha a kan wata.

A can yaro ya riga ya shiga, kwalejin tana da kujerarsa, tambayar ita ce ta wace hanya za a bi da shi a ciki. A nan kuwa C6 tana yin aiki biyu: tana auna sani, tana kuma rage cunkoso a bakin ƙofa, domin tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 masu fitowa sun ƙaru ƙwarai, kujerun manyan makarantu kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. A 2024 kimanin kashi 67 ne suka samu A1 zuwa C6 a lissafin dole, a 2025 adadin ya faɗo ƙasa da rabi. Wannan dubun-dubatar yara ne a halin da 'yarku take ciki, Kawu, kuma babu wata kwaleji mai buɗaɗɗiyar ƙofa da ke jiransu.

Abu na biyu ya shafi yarinyar kanta. Malanta take so, malamar firamare kuwa ita za ta tsaya gaban allo ta koya wa 'yan aji huɗu rabi da sulusi da rubu'i. Idan aka kauce mata daga wannan, an zalunci yaran da za su zauna gabanta shekara talatin. Don haka hujjar cewa ba kowane fanni ke buƙatar irin wannan lissafi ba, wadda na yarda da ita ga wasu fannoni, ba ta hau kanta ba.

Inda na yarda da ɗan'uwanmu ɗari bisa ɗari shi ne cewa maimaita komai daga farko ɓata lokaci ne. Yawancin azuzuwan rimidiyal da na sani ɗaki ne cike da yara, malami yana bin tsofaffin tambayoyin WAEC ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta amsa a allo suna kwafa. Wanda ya samu D7 sau biyu ba jahilin lissafi ba ne. 'Yan maki kaɗan ne tsakaninsa da C6, kuma kusan kullum a wuri ɗaya yake zubar da su, ba wanda ya zauna ya gano wurin. Abin da na fi gani shi ne kaso, da lambobin da ke ƙasa da sifili, da kuma Turancin tambaya. Yaranmu da Hausa suke tashi a gida, su yi yaren Tuwi ko Ga a titi, su yi Larabci a makarantar allo, sannan a miƙa musu tambaya mai layi biyar da Turanci a ce su fitar da lissafin da ke ɓoye a ciki. Na sha ganin yarinyar da ke ba da canji a kasuwar Nima ba tare da kuskuren kwabo ba, amma da na rubuta mata 1/8 a haɗa da 1/6 sai ta rubuta 2/14.

Ga abin da na yi da irin wannan yarinya wata rana. Na ce mata mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya, ya bar sidi 24,000, nawa ne rabon matar? Nan take ta ce sumuni, 3,000. Mahaifiya fa? Ta ce sudusi, 4,000. Na ce to su biyun nawa suka ɗauka cikin 24? Ta ce bakwai. Na ce ta sake duba abin da ta rubuta a takarda. Ta yi shiru tana kallon 2/14 ɗin, sannan ta goge da kanta ta rubuta 7/24. Malaminsu na islamiyya ya riga ya koya mata neman asalin mas'ala a rabon gado, wanda shi ne ainihin abin da littafinmu yake nema, sai dai ba wanda ya taɓa haɗa mata biyun. Irin wannan gyara a zama kaɗan ake yinsa idan an san inda ciwon yake, kuma ina kyautata zaton shi ne sirrin ajin taimakon nan na Amurka idan an samu malami na ƙwarai. Damuwata da tsarin nasu ita ce yaron da tazararsa ta yi nisa sosai, wanda ko ninkawa bai riƙe ba. Shi fa yaya yake ƙarewa idan aka jefa shi ajin kwaleji?

Hajiya, Fadama

Sallama gare ku duka. Na yi aiki a ofishin rajista na wata babbar makaranta a nan Akra har na yi ritaya, kuma abin da ya fi taɓa ni a bayanin Kawu ba D7 ɗin ba ce. Abin da ya taɓa ni shi ne iyali guda sun haɗa kuɗi sau biyu, yarinya ta zauna a gida, amma a duk tsawon wannan lokaci ba a ambaci mutum ɗaya da ya zaunar da ita ya shimfiɗa mata hanyoyin da ke gabanta ba.

Kawu, jami'o'in fasaha, waɗanda a da muke kira foliteknik kafin dokar 2016 ta ɗaga matsayinsu, suna da shirye-shiryen HND, wato babbar difiloma, da dama da ke karɓar D7 idan akwai C6 ko sama da haka a wasu darussa uku da suka shafi fannin. Ku nemi sanarwar ɗaukar ɗalibai ta bana ta Jami'ar Fasaha ta Akra ku karanta ta tare da ita layi-layi. HND shekara uku ce, bayanta ana iya ɗorawa a kai digiri. WAEC kuma tun daga 2025 ta ƙara zama na masu zaman kansu a watannin Janairu da Fabrairu, don haka ba lallai sai an jira ƙarshen shekara ba. Akwai ma hanyar manyan ɗalibai ga wanda ya kai shekara 25. Ban ce ta bar burinta na malanta ba, Malam ya faɗi gaskiya cewa da gyaran da ya dace za ta iya kai C6. Abin da nake cewa shi ne ta zaɓa tana ganin hanyoyin duka. Su kuma manyan gida, a gaya musu cikin ladabi cewa aure alheri ne kuma lokacinsa na Allah ne, amma kada a sa ta ji cewa hukuncin faɗuwa ne aka yanke mata.

Yanzu ga abin da idona ya gani a cikin makaranta, domin shiga ba ita ce ƙarshen wahala ba. Yaro daga unguwannin Zango yakan shigo shi ne na farko a gidansu da ya taka wannan mataki. A zangon farko sai ya yi tirel, wato ya faɗi, a darasin lissafin kasuwanci ko ƙididdiga. Lambarsa ta fito a allon sanarwa, ya gani, ya yi shiru. A gida ana ce masa ɗan jami'a, mahaifinsa ba ya iya karanta takardar sakamako, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Bai san ranar rajistar sake zama ba, ko ya sani ba shi da kuɗin, ko yana da kuɗin amma ya kashe a torotoro, motar haya, daga garin Ashaiman ko Kasoa, domin zuwa da dawowa kullum ba ƙaramin abu ba ne. Sai ya fara tsallake ranaku. Mu a ofis ba ma sanin ya tafi sai bayan shekara, lokacin da muke tsaftace jerin sunaye. A takarda kowane ɗalibi yana da malamin da aka ce shi ne mai ba shi shawara, amma malamin nan yana da azuzuwa cike da ɗaruruwa, kuma ƙa'idar ita ce yaro ya zo da kansa. Wanda ya fi buƙata kuwa shi ne ba ya zuwa.

Shi ya sa da na karanta batun matar da ke kiran yaronku a waya, da katin sufurin da aka ɗaure da zuwa ganinta, na ce waɗannan mutane sun gane inda ake rasa yara. Gwamnati a nan ta ɗauki nauyin kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta tun 2025, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai wanda yanzu da katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ake nema ba sai da mai tsaya wa mutum ba. Waɗannan sun rage nauyi, amma kuɗi ba ya buga waya ya ce yau ban gan ka a aji ba. Wannan ɓangaren ba ma buƙatar jiran doka. Ƙungiyoyin matasanmu da kwamitocin masallatai a Nima da Fadama da Sabon Zango suna da masu digiri da yawa. Kowane ɗaya ya riƙe yara biyar ko shida, ya san ranar da sakamako ke fitowa, ya ce a nuna masa da idonsa, ya san ranar rufe rajista, a kuma ware ɗan abin da ake tarawa don kuɗin mota.

Ɗan Mamobi a Bronx

Malam, tambayarku a wurinta take. Yaran da tazararsu ta yi nisa da yawansu suna faɗuwa a sabon tsarin ma, ina ganinsu a teburina. Hujjar masu sauyin ita ce a tsohon tsari sun fi faɗuwa, domin kaɗan ne cikinsu suke isa ajin kwalejin ma. CUNY tana da wani shiri mai suna CUNY Start na zango guda mai tsanani da kuɗi kaɗan ga irin waɗannan kafin su fara, wanda ya nuna su ma sun san ba kowa ne taimakon mako-mako zai isa ba. Wanda kuma zai karanta injiniya ko kimiyya har yanzu ta aljabra yake bi.

Akwai wani abin da ya kamata in ƙara domin adalci. Da masu bincike suka koma suka duba alƙaluman Tenesi da kyau, sun tarar cewa cin darasin lissafi ya ƙaru da gaske, kuma babban kaso na ƙarin ya zo ne daga mayar da ɗalibai zuwa ƙididdiga, amma ba su ga wani ƙari na a zo a gani a yawan masu kammala karatun ba. Gyaran lissafi yana cire shinge ɗaya ne. Abin da ya kusan ninka kammalawa shi ne shirin da ya haɗa shawara da kuɗi da sa ido na shekara uku, kuma yana da tsada.

Hajiya, shawararku ta yi mini daɗi, sai dai a san bambanci ɗaya. Masu ba da shawara a ASAP ma'aikata ne masu albashi, suna ganin makin yaro da halartarsa a kwamfuta tun kafin zango ya ƙare, malamai kuma suna aiko musu da gargaɗi. Ɗan sa-kai a unguwa abin da yaro ya gaya masa kawai zai sani, kuma himmar sa-kai takan yi sanyi bayan watanni. Idan za a yi, a samu mutum ɗaya da ake ba shi ko da ɗan alawus wanda aikinsa shi ne bin masu riƙon su kansu.

Malamin lissafi, Madina

Na gamsu da wannan amsa, kuma ta sa na ga inda za a iya gwada abin a nan ba tare da an taɓa ma'auni ba. Kwalejojin horar da malamai na gwamnati tun 2018 digirin shekara huɗu suke bayarwa. Da hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu za ta amince wa biyu ko uku daga cikinsu su ɗauki adadi ƙayyadadde na masu D7 a lissafi kaɗai, waɗanda sauran darussansu suka yi kyau, a bisa sharaɗin ajin taimako na dole a shekarar farko da jarrabawar da ba ta gaza matakin C6 ba kafin a wuce shekara ta biyu, da an samu alƙaluman da za a kwatanta da na waɗanda suka shiga ta hanyar da aka saba. A zaɓe su da ƙuri'a cikin waɗanda suka cancanta, kamar yadda aka yi a Niyok, don kada a ce an tsinci masu ƙoƙari ne. Wahalar ita ce albashin masu koyar da ajin taimakon da kuma alawus ɗin ɗaliban malanta, wanda shi ne ke sa gwamnati ƙayyade yawan waɗanda ake ɗauka, don haka kowace kujera da aka ba mai D7 za a ce an hana mai C6.

Kafin wannan, Kawu, ku nema wa 'yarku malami ɗaya da zai ba ta cikakkiyar takardar WASSCE ta baya ta yi a gabansa cikin lokacin da aka ƙayyade, ya duba aikin hannunta ba amsar ƙarshe kawai ba, ya ware tambayoyin da ta rasa saboda Turanci daban da waɗanda ta rasa saboda kaso ko alamar ragi. A kan waɗannan kaɗai za a yi aiki har zuwa Janairu, a lokaci guda kuma a cike mata fam ɗin HND kamar yadda Hajiya ta ce.